Yadda Ake Kallon Tsuntsayen Teku a Sakumono

Kun yi ta tambayata yadda ake kallon tsuntsayen teku a Sakumono, kusa da birnin Tema a Ghana, to ga shi.

1. Zaɓi Satumba ko Oktoba, lokacin da tsuntsaye masu ƙaura ke isowa Ghana daga Turai.
2. Bayan sallar asuba, kama hanyar Tema ta bakin teku daga Accra.
3. Sauka a Sakumono, inda tafki ke haɗuwa da teku.
4. Ba rana baya.
5. Zauna, ka yi tsit.

Hattara: kada ka matso su. Doguwar tafiya suka sha, korarsu zalunci ne.

6. Ɗora madubin hangen nesa kan tsuntsu ɗaya, ka bi shi har ya tsunduma ya cafko kifi. Wallahi nan abin ke shiga rai.
7. Saita ƙararrawar waya, don kada azahar ta riske ka a wurin.