Yadda ake tayar da sabar TrueNAS ta gida bayan faifan tashinta ya mutu

Ka kunna sabar, fanka na juyawa, fitilu sun kama, amma allon ya tsaya cak ko ya ce bai ga faifan da zai tashi da shi ba. Kwantar da hankalinka. TrueNAS, manhajar da ke tafiyar da sabar ajiyar, tana zaune ne a ƙaramin faifai ɗaya, wato faifan tashi, hotunanka da takardunka kuwa suna kan manyan faifan ajiya. ZFS, tsarin da TrueNAS ke ajiye fayiloli da shi, yana rubuta bayanin yadda aka haɗa rumbun, wato faifan ajiyar da aka haɗe wuri ɗaya, a jikin waɗannan manyan faifan, don haka mutuwar faifan tashi ba ta taɓa su. Waɗanda na ga sun yi asara, hannunsu ne ya jawo musu, saboda gaggawa.

Mataki na 1: tabbatar ya mutu da gaske

Shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi, ka duba ko ana ganin faifan. Sauya wayar SATA, sauya rami. Idan agogon BIOS ya koma wata tsohuwar shekara, batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, shi ne ya ƙare, na'urar ta mance faifan da take farawa da shi. Wannan yana yawan faruwa inda ake ɗauke wuta kullum, kuma gyaransa bai kai kuɗin katin waya ba.

Ko ya tabbata ya lalace, kar ka jefar da shi tukuna. Za mu iya buƙatarsa.

Mataki na 2: zare manyan faifan gaba ɗaya

Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Manhajar girkawa za ta jero maka duk faifan da ta gani da sunaye irin sda, sdb, sdc, ko ada0 da ada1 idan nau'in TrueNAS mai suna CORE kake amfani da shi, kuma duk wanda ka zaɓa za ta goge shi. Sunayen nan ba tsayayyu ba ne. Wanda yake sdb jiya yana iya zama sda yau, tunda ka cire wani ka saka wani. Mutum zai ce ai ya san faifansa, ya danna na farko a jere, ashe rabin madubin rumbunsa ne, wato ɗaya daga faifai biyu masu ɗauke da kwafi iri ɗaya.

Kashe sabar, cire ta daga wuta, zare wayar kowane faifan ajiya. Ban yarda da "zan dai lura sosai" ba. Abin da ba a jone yake ba, ba za a goge shi ba. Ba sai ka damu da wace waya ce ta wane rami ba, domin ZFS da alamar da ke jikin faifai yake gane shi, ba da ramin ba. Duk da haka ɗauki hoto da wayarka, ba ka rasa komai ba.

Mataki na 3: sabon faifai, sabon girki

Sayi SSD, ko da mafi ƙanƙanta a kasuwa, mai 120GB ya yi yawa ma. Kar ka koma kan filash. A zamanin FreeNAS, tsohon sunan TrueNAS, ana yin haka, amma yawan rubutun da tsarin yanzu ke yi yana cinye filash da wuri, balle jabun da suka cika kasuwa.

Sauke TrueNAS irin wadda kake da ita: CORE mai tushen FreeBSD, ko SCALE mai tushen Debian wadda ta fito a 2022. Lambar fitowar ta zama daidai da tsohuwar, ko wadda ta ɗan fi ta sabunta, kar ta zama ƙasa da ita. Tsohuwar fitowa ba lallai ta karɓi saitin sabuwa ba, kuma tana iya ƙin buɗe rumbun. Yau ba ranar ƙaura daga CORE zuwa SCALE ba ce, a gama jinya tukuna. Girka, tabbatar ta tashi ka shiga shafinta, sannan ka kashe ka mayar da manyan faifan.

Mataki na 4: dawo da rumbu da saiti

Idan ka taɓa sauke fayil ɗin saiti, aikinka ya zo da sauƙi. Je sashen System ka nemi wurin loda saiti, ka loda shi. Sabar za ta sake tashi da masu amfani, da manyan fayilolin da aka raba, da rumbun, kamar ba abin da ya faru.

Idan ba ka da shi, je Storage ka danna Import Pool. Karanta sau biyu kafin ka danna. Create Pool yana nan kusa, kuma shi sabon rumbu yake ginawa a kan kayanka. Idan aka tambaye ka ko ka yarda a goge faifai, ka ɓata hanya, koma baya. In kana shakka, buɗe Shell, wurin rubuta umarni, ka rubuta zpool import ba tare da ƙara komai ba. Wannan nunawa kawai yake yi: sunan rumbun, faifansa, da lafiyar kowanne.

Bayan rumbun ya shigo, leƙa /var/db/system ka nemi babban fayil mai farawa da configs. TrueNAS tana ajiye kwafin saiti kowace rana a wurin, kuma galibi wannan sashe yana kan rumbun ajiya ne. Ɗauki na ranar ƙarshe ka loda. Sai dai kwafin ba ya ɗauke da pwenc_secret, fayil ɗin da ke buɗe kalmomin sirrin da aka adana, saboda haka za ka sake saka su da hannu. Anan tsohon faifan ke da rana: in har yana ɗan karantuwa, jona shi a wata kwamfuta mai ZFS, shigo da shi a yanayin karatu kawai, ka kwafo freenas-v1.db da pwenc_secret daga cikin /data.

Wanda ya kulle rumbunsa da makullin sirri dole ya kawo fayil ɗin makullin ko jimlar sirrin. In babu su, kuma tsohon faifan ya ƙi karantuwa, babu mai gyaran da zai buɗe maka, kar wani ya karɓi kuɗinka.

Mataki na 5: sauran

Idan da hannu ka sake ƙirƙirar masu amfani, duba lambobin shaidarsu na da (UID) da umarnin ls -ln ka ba kowa lambarsa, in ba haka ba za su ga fayil amma su kasa buɗewa. Idan ka ga sanarwar sabunta rumbu, ƙyale ta, zpool upgrade ba ya komawa baya. Duba zpool status, sa scrub, binciken da ZFS ke yi wa duk bayanan rumbu, ya zagaya, duba SMART, rahoton lafiyar faifai, na kowane ɗaya.

Sannan sauke saiti yanzu, tare da alamar Export Password Secret Seed, ka ajiye shi da makullan a wani wuri da ba sabar ba. In da hali ƙara SSD na biyu a sashen Boot ya zama madubi, ka kuma sa UPS tsakanin sabar da soket.