Kurakuran da muke yi wa jikinmu da sunan gyara, mu matan Legas

Sana'ata lalle da gyaran amare. A Agege nake zaune, amma aiki yana kai ni Idi-Araba da Obalende, wani lokaci har Lekki idan bikin masu hali ne. Mai irin sana'ata hannu take fara gani kafin fuska. Mace za ta shigo fuskarta fes, kamar ka taɓa jini ya fito, amma da ta miƙo hannu a zana mata fulawa sai in ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, fatar bayan hannu ta yi shara-shara, jijiyoyi kore sun fito ɓaro-ɓaro. Ba sai ta faɗa mini man da take shafawa ba. Abin yana ci mini rai, domin yawancinsu ba su san me ke cikin robar ba, kuma kuɗi masu yawa suka biya.

Babban kuskurenmu ke nan, shafa abin da ba mu san mene ne ba. A da mace ta san bilicin take yi. Yanzu an sauya masa suna, an ce oganik ne, an ce haɗi ne na musamman, an zuba a farar roba babu rubutu babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ana tallarsa a Instagram da WhatsApp da hoton jiya da na yau. 'Yar'uwa, kurkur da zuma da madara ba sa mayar da baƙar mace fara cikin kwana 7. Fatar mutum ma kusan mako 4 take ɗauka kafin ta sabunta kanta. Duk man da ya sauya miki launi cikin mako guda, ki zargi ɗaya daga abubuwa uku a cikinsa.

Na farko hydroquinone, wanda ke hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi. Likitoci suna ba da shi na ɗan lokaci don goge tabo, a daidai wurin tabon. Idan aka shafe shekaru ana mulka shi a jiki duka, ana kuma shiga rana, sai ya juya: kumatu da goshi da wuya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ya fi na asali muni, kuma da ƙyar yake fita. Na biyu magungunan steroid, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda ke cikin 'yan bututun nan da ake saya a kemis don ƙaiƙayi da makero, a matse cikin man shafawa. Su ne ke sa fata ta yi shara-shara, nankarwa ta faso a cinya da damtse ga yarinyar da ko aure ba ta yi ba, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su ƙi ƙarewa, ciwo ya ƙi warkewa. Idan aka daɗe ana shafa su a jiki duka suna ratsawa cikin jini, su tayar da hawan jini da ciwon suga. Na uku makuri, wato zaiba, wanda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ni dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne uwar da ke haɗa wa jaririnta irin wannan mai, wai don kada ya yi duhu bayan suna.

Gyaran ba shi ne a jefar da robar yau a zauna ba. Wadda ta daɗe a kan steroid, in ta daina farat ɗaya fuskarta za ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su feso, kuma a nan ne mata da yawa ke tsorata su koma. Ki ɗauki robar da duk sabulun da kike amfani da shi ki kai wa likitan fata. Akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH. Shi zai tsara miki yadda za ki janye a hankali. Ki riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye kowace safiya, domin fatar da aka cire wa launinta ba ta da garkuwa. Ki yi haƙuri da watannin da za ki yi dabbare-dabbare, galibi launin yakan daidaita. In kuma za a yi miki tiyata, ko ta haihuwa ce, ki gaya wa likita gaskiyar abin da kike shafawa, saboda irin wannan fata ba ta riƙe ɗinki da kyau.

Na san daga inda abin yake tasowa. Tun muna yara muke jin ana cewa farar mace alkyabbar mata, dangin miji su zo ganin amarya su fara da tambayar ko fara ce. Wanda ya faɗi maganar ya tafi abinsa, ke za ki kwana da ciwon ƙoda. Kuma a idona, ni da nake zana hannaye kullum, babu inda jan lalle ke zama kamar a kan lafiyayyar fata baƙa ko wankan tarwaɗa mai sheƙi.

Sai kuskuren da baƙin zuwa suka fi yi: kawo gyaran Kano ko Sakkwato su yi shi a Legas. A Arewa iska busasshiya ce, hunturu na fasa leɓe da dunduniya, dole a lafta basilin. Nan gari ne na bakin teku, iskar cike take da laima kusan duk shekara, gumi ba ya bushewa. Ki lafta mai mai kauri, ki ɗora hoda hawa uku, ki sa hijabi mai roba, ki shiga danfo a cunkoson Oshodi awa biyu, me kike tsammani? Ƙurajen zafi a wuya da ƙarƙashin ƙirji, ƙyasbi a baya. Da rana mai mara nauyi ya isa, man kaɗe kuma a bar shi sai dare, kaɗan, a gwiwa da ƙafa da inda ke bushewa. Kayan ciki su zama na auduga. Idan kin wanke kai ki bari ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali, domin jiƙaƙƙen kitso a ƙarƙashin hijabi yana kawo wari, yana kuma iya tayar da amosani.

Dilka da halawa ma ana wuce gona da iri. Dilka kullum tana kankare fata ne, ba gyara ba. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Wadda ke shafa man bilicin kuwa ba na yi mata halawa ko nawa za ta biya, don na ga yadda take tahowa da fatar.

Yanzu bari in taɓa sana'ata. Lalle na gaskiya ganye ne, launinsa ja ne zuwa ruwan ƙasa mai duhu, kuma sai ya yi sa'o'i a hannu kafin ya kama. Baƙin lallen da ke kamawa cikin rabin awa, yawanci rinin gashi ne aka kwaɓa, wanda muke kira dayis, mai ɗauke da sinadarin PPD. An yi shi ne don gashi, ba don a zana shi a kan fata a bar shi ba. Ni ma na yi shekaru ina amfani da shi, kamar kowa, har ranar da wata amarya ta dawo mini kwana uku bayan na yi mata, hannayenta sun kumbura, sun yi bororo daidai da zanen fulawar, layi bayan layi. Da safar hannu ta yi zaman biki, tabon kuma ya daɗe. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, da zarar jiki ya ƙi wannan sinadari, to ya ƙi shi ke nan har abada; ranar da za ta rina furfura nan gaba, kai da fuska za su iya kumbura fiye da na farko. Kuma kin yi sau goma lafiya ba ya hana na goma sha ɗaya ya tashi. Tun daga ranar na koma jan lalle, ina kwaɓa shi da ruwan shayi mai kauri da ɗan lemun tsami, in bar shi ya kwana kafin in zana. Yana yin duhu sosai bayan kwana biyu. Wasu sun daina zuwa wurina saboda haka, wasu sun ƙaru.

Kwalli kuma magana ce mai nauyi, don gadon iyaye ne. Amma kwallin dutse da ake niƙawa, wanda Yarbawa maƙwabtanmu ke kira tiro, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka an gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan iyayen Nijeriya, da aka bincika sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Kada a sa wa jariri kwalli, ko kaka ta matsa. Babba kuma ta nemi fensirin ido mai rajista, kuma kada a yi karo-karon abin sa kwalli a gidan biki, nan ake ɗaukar ciwon ido.

A kan ƙira kuwa, mun rabu biyu: siririya tana neman ƙiba, mai jiki tana neman ramewa, kowacce tana son a yi ta kafin ranar kamu. Sha-ka-fashe da ake sayarwa a ƙulle ko a kwalba yawanci dexamethasone ne da cyproheptadine. Na biyun yana buɗe ciki ya sa barci. Na farkon steroid ne mai ƙarfi, kuma abin da yake kawowa ba ƙibar lafiya ba ce: fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu su sirance, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Ba ya zuwa mazaunai kamar yadda mai talla ta ce, babu ƙwayar da ke zaɓar inda kitse zai sauka. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke da kanta, yankewa kwatsam na iya kai mutum kwance rai a hannun Allah. Likita ne zai rage mata a hankali. Mai son ƙarin jiki ta fara da gwajin jini, don wani lokaci rama daga ciwo take, sannan ta ƙara abinci na gaske: kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, wake, ayaba, kifi da yake a wadace a garin nan. Shayin rage tumbi kuma galibi maganin gudawa ne irin su filasko, ruwan jiki kawai yake zubarwa. Bel ɗin matse ciki yana ɓoye tumbi na awa uku, ya bar ki da ƙwannafi da numfashi sama-sama.

Tiyatar ƙara mazaunai ta zama ruwan dare a Legas, har 'yan'uwanmu sun fara zuwa daga Arewa don ita. Tana cikin tiyatar kwalliya mafi haɗari, domin kitsen da ake ɗurawa in ya shiga jijiyar jini yana tafiya huhu, mutum ya mutu a kan gado. Ba na ba kowa shawarar ta yi. Wadda ta ƙudurta sai ta yi, aƙalla ta tabbatar likitan yana da rajista da majalisar likitoci ta MDCN kuma ƙwararre ne a wannan fannin, asibitin kuma HEFAMAA, hukumar rajistar asibitoci ta jihar Legas, ta san da shi. Allurar cika jiki a ɗakin otal ko shagon gyaran gashi kuwa, ko kyauta ce ki gudu.

Kitso ba sai na ja magana ba. Idan ya hana ki barci, ko kin ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri, a warware. Gashin gaba da aka yi shekaru ana ja da ƙananan kitso da gashin doki, wata rana ba ya dawowa. Ki ce wa mai kitso ta bar na bakin goshi, ki kuma huta tsakanin kitso da kitso.

Na ƙarshe a wurin tela yake. Mace za ta shiga kasuwar Balogun ta sayi leshi mai tsada, ta ce a ɗinka mata a matse da ƙashin roba a ciki saboda ta ga hoton wata, ko ta ce a rage inci biyu don za ta rame kafin biki. Ranar biki ba zama ba ruku'u, sai jan mayafi take tana rufe inda zif ya buɗe. Ki auna jikin da kike da shi yau, a tsaye da a zaune, ki ɗaga hannu sama a gaban tela kafin ki karɓi kaya. Atamfa mai kyau da ta zauna daidai ta fi leshin da aka ci bashi aka saya, kuma ba kowane anko ne dole ba. A wata ɗaya a Legas ana iya kawo miki uku.

Amaryar da ta zo wurina yanzu, ina so ta zo saura mako 6 ko 8, ba saura kwana 5 ba. Ranar farko ba na taɓa ta da komai. Ina ce mata ta juye jakar kayan shafarta a kan tabarma, mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya mu karanta abin da aka rubuta. Wanda babu rubutu a jikinsa mu ware shi gefe, in kuma na ga fatar ta riga ta taɓu, wurin likita nake fara tura ta kafin mu sa ranar dilka.