Tagwaye a ɗaki: kurakuran makonnin farko da yadda ake gyara su

Ƙanwata ta sauka a Garwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana, tabarma ma ta yi ɗumi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Maza biyu Allah ya ba ta. Hassan ya zo da kilo 2.6, Husaini da kilo 2.1. Ni aka ɗora wa zaman jego, na zo da gadarar na raini 'ya'ya huɗu, babu abin da za a koya mini. Kafin suna na gane rainon tagwaye wata makaranta ce daban.

Kuskuren da ya fi tsorata ni, kuma shi na fi gani a gidaje, shi ne bin kuka. Wanda ya tsala ihu shi ake ɗauka, shi ake ba nono. Hassan akwai murya, in ya fara har maƙwabta sai sun ji. Husaini kuwa barci kawai yake yi, 'yan barka suna ta yabonsa: "Wannan mai haƙuri ne, bai ɗauko rigima ba." Ni ma na yarda. A kwana na biyar ina shanya tsummokaran da muke yi musu ƙunzugu, sai na lura na Hassan sun cika igiya, na Husaini uku ne kacal tun jiya, fitsarin kuma ya yi ja-ja. Gabana ya faɗi. Ashe ƙarfin tashi ya nemi nono ne ba shi da shi.

Yawancin tagwaye suna zuwa kafin cikin ya cika mako 37, ko su zo ƙasa da kilo 2.5, kuma jaririn da ya zo haka yunwa ba ta cika tashinsa ba. Gyaran shi ne agogo. Kowannensu ya sha aƙalla sau 8 a yini da kwana, kada ƙaramin ya wuce awa uku bai sha ba, ko da tsakar dare ne. In ya ƙi farkawa a rage masa kaya, a shafa tafin ƙafarsa, a ɗiga masa nono a leɓe. In ya kama ya saki don gajiya, uwar ta tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, a zaunar da shi a kai bakin kofin leɓensa ya riƙa lasa da kansa, ba ɗura ba. Ungozomar asibiti ce ta nuna mana wannan. Daga ranar na samo littafin makaranta na ja layi a tsakiya, gefe na Hassan, gefe na Husaini, ana rubuta lokacin shan nono da adadin fitsari. Bayan kwana biyar ana son a ga ƙunzugu shida a jiƙe a yini ga kowane ɗaya. Mun ɗaura wa Husaini zare sako-sako a ƙafa, don da ƙarfe uku na dare, ido cike da barci, ana iya shayar da yaro ɗaya sau biyu a bar ɗan'uwansa. Jariri yakan ɗan rame a kwanakin farko, amma zuwa mako biyu ya kamata ya koma nauyin da aka haife shi da shi. Sikeli ne zai faɗi wannan, hannun kaka ba zai iya ba, don haka a kai su awo.

Sai maganar da kowace mai tagwaye za ta ji tun ranar farko: "Nono ɗaya ina zai ishi baki biyu?" Goggonmu ta faɗa, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ko dai mu sayo madara?" Gaskiyar ita ce nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake jan sa. Baki biyu na tsotsa, jiki na ƙara samarwa. Da zarar an fara cike gurbi da wani abu, tsotson ya ragu, nonon ya ja baya, sai a ce ai dama an faɗa. Dakashin nan mai kauri na kwanakin farko, wanda wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne garkuwar farko ta jariri, ƙananan nan kuma sun fi kowa bukatarsa. Ruwa ma haka. A zafin Garwa ko Marwa tausayi kan sa a ce a ba yaro ruwa ya jiƙa maƙoshi, alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwar za a cika wa tulu, ta sha ta shayar. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, cokalin ruwa ya tare gurbin nono, ga gudawa da zai iya jawowa. Zuma kuwa ba ta shiga bakin yaro sai ya shekara. Malamin da zai yi musu addu'a ya yi ya tofa, Allah na ji, ba sai an ɗura musu komai ba.

Shayar da su tare yana sauƙaƙa dare ƙwarai. A jera filo a kowane gefe, kowane yaro jikinsa a ƙarƙashin hammata, ƙafafu ta baya, kai a tafin hannu, wata ta miƙo na biyun. A riƙa musanya musu gefe, don mai ƙarfin tsotso ya taso da nonon duka biyun. In kuma ma'aikacin lafiya ya auna ya ce sai an ƙara da madara, babu abin kunya a ciki. Amma ta jarirai za a saya, a dama da tafasasshen ruwa daidai awon da ke jikin gwangwani. Madarar shayi ba abincin jariri ba ce. Tsinka ta da ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata kuwa yunwa ce ake ba yaro a kofi.

Ɗumi ma ana kuskurensa ta fuska biyu. Ƙaramin jariri ba shi da kitsen da zai riƙe zafin jiki, wankan gaggawa bayan haihuwa yana sanyaya shi, shi ya sa ake son a jinkirta wankan farko aƙalla awa 24. Da hunturu, musamman wajen Ngaundere inda dare ke da sanyi, wasu kan rufe ƙofa da taga su kunna garwashi, su ƙara da turaren wuta. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Abin da ya fi garwashi shi ne ƙirjin mutum: a cire wa yaro riga, a bar masa hula da ƙunzugu, a kwantar da shi tsakanin nonuwa fata da fata, a ɗaure da zane kamar goyon gaba. Likitocin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan a 1978 saboda ƙarancin kwalabar bakwaini, yanzu kuma ana koyar da shi a asibitoci. Mijin ƙanwata da farko ya noƙe. Da ya ga yadda Husaini ke lafewa a ƙirjinsa bayan sallar isha'i, sai ya zama shi ke cewa, "Yaya, miƙo mini shi." In za a kwantar da jariran, rigingine, a shimfiɗa mai tauri, babu filo a kusa da fuska, cikin gidan sauro ko da rani ne.

Cibiya a bar ta ta bushe. Gashi da tsumma mai zafi, toka, man goge baki, duk hanyar shigar cuta ce. In asibiti sun ba da maganin shafawa na kuloheksidin, shi kaɗai za a sa, kuma kada ya kusanci ido. Cire belu da ake kiran wanzami ya yi, ina roƙo a haƙura da shi. Belu ba ciwo ba ne, jinin da yaro mai kilo biyu zai zubar kuwa ba shi da rararsa.

Ciwon shawara yana yawan kama bakwaini. A duba su da hasken rana kowace safiya, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin wurin, a leƙa farin ido. In rawaya ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, shanya yaro a hantsi ɓata lokaci ne, asibiti ake nufa. Haka in ya daina kama nono, ko jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashi ya kai 60 a minti, ko ya yi jijjiga. Kada a jira gari ya waye. Kuma maganin da aka rubuta wa ɗaya nasa ne. Na san ana cewa abin da aka yi wa Hassan a yi wa Husaini don kada ya yi fushi. A riga da hula wannan daidai ne, ban da magani.

Mai jego ita ake mantawa. Gida ya cika da 'yan barka, kowa na son ganin tagwaye, ana ta miƙa su hannu zuwa hannu, ita kuma tana zaune tana amsa gaisuwa ido ya faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa da buta da sabulu, mai mura kuma na ce ta yi barka daga tsakar gida. An ji haushina, na ɗauka. Wadda ta haifi biyu ta fi fuskantar zubar jini da hawan jini, har bayan haihuwa. Ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska, jini mai yawa ko mai wari, zazzaɓi, babu wanda ake jiƙa wa saiwa a cikinsu. Kunun kanwa a yi hattara da shi: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai saɓule fata ba. A ba ta kunun gyaɗa, wake, zogale, ƙwai, hanta, kifin Lagdo in an samu, ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini. Mu raba dare muka yi: ita shayarwa kawai, ni da Goggo sa gyatsa, canjin ƙunzugu da rarrashi, maigida kuma ya riƙe babbar yarinyarsu da ta fara kishi.

Rigakafi na farko, allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna, ana yin sa tun haihuwa, na gaba kuma a mako shida. Kowane yaro da katinsa, a duba sunan kafin a miƙa wa nas, don ana rubuta nauyin wannan a katin wancan. Ranar zuwa a tafi mutum biyu, kowa da yaro ɗaya. Kada mai jego ta hau moto da ɗaya a baya ɗaya a hannu.