Darasi na Tara: Kafin a Ba da Yaro Riƙo

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kabi. Gwaggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta ta tarbiyyantar da ita har ta kai ta ɗakin miji. Kawu yakan ɗauki maraya ya koya masa kamun kifi ko noman shinkafa. Wannan zumunci ne, kuma muna son ya ɗore. Sai dai yau akwai masu fakewa da sunan riƙo su kwashi yara zuwa aikatau, bara, ko abin da ya fi haka muni. Wannan shi ne safarar yara.

Karanta wannan hira da ƙarfi:

"Yaya, ki ba ni yarinyar nan in tafi da ita birni. Akwai wata Hajiya mai neman mai taya ta aiki. Za ta sa ta makaranta, duk wata kuma a aiko miki da kuɗi ki tara na kayan ɗaki."

"To ƙanwata, na gode. Wace ce Hajiyar? A wace unguwa take?"

"Haba Yaya, ba ki yarda da ni ba ne? Mota gobe da asuba za ta tashi."

"Na yarda da ke. Amma bari Malam ya dawo daga fadama, mu je wurin Mai Unguwa. Kuma sai na taka na ga gidan da idona."

Uwar nan ba ta yi rashin kunya ba, haƙƙin 'yarta ta tsare. Lura da abin da baƙuwar ta yi: ta ƙi faɗin sunan gida, ta kawo maganar kuɗi, sannan ta sa gaggawa. Duk inda waɗannan uku suka haɗu, a dakata. Dillaliya ta san lokacin zuwa. Takan zo ne bayan mai gida ya rasu, ko bayan ruwa ya cinye gona, kamar ambaliyar 2020 da ta shafe shinkafar manoma da yawa a jihar nan ta Kebbi. Mai jin yunwa ba ya son yawan tambaya, ita kuwa da wannan ta dogara.

Mai riƙo na gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Zai faɗa maka gari da unguwa da sunan makaranta. Zai bar ka ka yi magana da ɗanka a waya, ba tare da ya tsaya a kansa ba. Zai kawo shi gida da salla. Kuma ba ya karɓar ladan aikin yaro daga hannun wani.

Abin da doka ta ce

A shekarar 2003 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NAPTIP domin yaƙi da fataucin mutane, aka sabunta dokarta a 2015. Dokar ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Wanda ya ɗauka, da wanda ya kai, da wanda ya ba da haya, kowannensu na iya shan ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. A kula: cewa "ai uwarta ce ta yarda" ba ya wanke mai safara.

Mu a Kebbi muna bakin iyaka. Daga Kamba an kusa Gaya ta Nijar, daga ƙasar Bagudo kuma ana shiga Benin. Yaron da aka tsallaka da shi, nemo shi sai an sha wuya. Direbobi, 'yan kamasho, 'yan kabu-kabu da masu jirgin ruwa, ku ne idon gari. In kun ga mutum ɗaya da yara da yawa, bai san sunayensu ba, ko ya hana su magana, ku sanar da shugaban tasha da jami'an tsaro.

Sunan yaro a rubuce

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne amfanin karatunku yake. Yaron da ke zuwa makaranta, kullum da safe akwai mai kiran sunansa. In bai amsa ba yau, bai amsa ba gobe, malami zai tambaya. Yarinyar da ke yawon talla daga tasha zuwa kasuwa har magariba kuwa, wa zai lura da sa'ar da ta ɓace? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma tilas ne. Na san akwai kuɗin littafi da na kayan makaranta, na san kuma kuɗin talla ne cefanen wasu gidaje. In ba makawa, a yi tallar a unguwa, da rana, cikin 'yan'uwa, bayan an taso daga aji.

A yi wa kowane yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A tambaya a asibitin da ake awo da rigakafi. A 2019 'yan sanda sun dawo da yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onica a jihar Anambra, an canza musu suna. Takarda da hoto su ne shaidar uba a irin wannan rana. A kuma koya wa yaro sunan mahaifinsa, sunan garinsu da lambar waya ɗaya, ya haddace.

Mai kai ɗansa almajiranci, ya san malamin, ya san inda yaron zai kwana, ya riƙa aika abinci, ya riƙa ziyara.

Marayu da 'yan gudun hijira

Su ne mai safara ya fi hari, don ya san ba mai bin sawunsu. Ɗa na kowa ne. In rikici ya koro wata mata da 'ya'yanta zuwa unguwarku, Mai Unguwa da Liman su rubuta sunayen yaran, a san gidan da kowanne yake kwana, a kai su makaranta. A ware musu kaso daga zakkar hatsi. Yarinyar da aka dawo da ita daga aikatau kuma, kada a yi mata gori. A kai ta asibiti, a bar ta ta huta, a mayar da ita aji ko wurin koyon sana'a.

In yaro ya ɓace, kada a jira kwana ya zagayo. A faɗa wa Mai Unguwa, a je ofishin 'yan sanda da hotonsa, a kai rahoto ga NAPTIP.

Aiki

1. Rubuta sunayen yaran gidanka da shekarunsu. Sa alama a gaban wanda ba shi da takardar haihuwa.
2. Rubuta tambayoyi uku da za ki yi wa mai neman riƙon 'yarki.
3. Akwai yaron gidanku da ke hannun wani a wani gari? Rubuta sunan garin, da ranar da kuka ji muryarsa ta ƙarshe. Ku zo da amsar aji mako mai zuwa.