Yadda za ka yi zanen jarida in edita ya ba ka awa huɗu kacal

A makaranta malami zai ba ka sati biyu kana ta lallaɓa inuwa da gashin ido, amma aikin jarida ba haka yake ba, edita zai turo maka rubutu da azahar ya ce yana son zane kafin magariba don shafi zai wuce wajen bugawa. Toh ɗalibi, matsalarka ba hannu ba ce, hannunka ya iya. Inda za ka zuba lokacin ne matsalar.

Kar ka taɓa fensir sai ka tambayi girman gurbin da aka bar maka a shafi, a tsaye yake ko a kwance, mai kala ne ko baƙi da fari, sannan a takarda za a buga ko intanet kawai. Wlh ba abin da ya kai ka gama zane mai kyau a kwance a ce maka ai gurbin dogo ne ciwo.

Sai ka karanta rubutun sau biyu ka rubuta jimla ɗaya tak, me marubucin yake nufi. Misali an ba ka sharhi kan cire tallafin man fetur na 2023. Abin da zai fara faɗo maka a rai jarka ce ko layin motoci a gidan mai, kuma shi ne zai faɗo wa kowa, don haka zana shi ka wuce. In ka lura sharhin ba kan fetur yake ba, kan magidancin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata yake. Yanzu ɗauki biro ka yi ƙananan zane kamar goma, kowanne bai fi kwalin ashana ba, ba gyara ba gogewa, kana ta haɗa abu biyu da ba su saba haɗuwa ba har ka dace. Tiyon famfon mai a tsome cikin tukunyar miya yana zuƙe ta, yara uku a gefe riƙe da kwano suna kallo. Wannan ya faɗi komai ko da ba a sa kanu ba. A ganina awa ɗaya cur ta cancanci wannan matakin, ko da zuciyarka na ta ce maka lokaci na tafiya.

Zaɓi biyu ko uku ka ɗauke su hoto ka tura wa edita ta WhatsApp, kowanne da layi ɗaya na bayani, kuma kar ka fara aikin gaske sai ya ce wannan. Wanda ba ka so kuma kar ka saka shi don cike lissafi, don shi za a zaɓa, haka abin yake. In batun ya shafi addini ko ƙabila, a nan ne ake tsayawa a yi magana, ba bayan an buga ba.

Wajen kammalawa rage buri. Kala uku sun isa. Ko manhajar zane ta Krita kake amfani da ita a kwamfuta ko ibisPaint a waya, raba layi daban, kala daban, bango daban, saboda in aka ce canja hular mutumin nan minti biyu ya ishe ka. Takardar jarida tana shan tawada, kala mai haske takan dusashe, siraran layuka kuma su ɓace, so ka ƙara wa layi kauri, ka ajiye fayil a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto, ɗigo 300 a kowane inci), ka tambayi edita ko suna son CMYK, wato tsarin kala huɗu da injin bugawa ke amfani da shi. In fuskar ɗan siyasa ce, je ka duba zanen Mustapha Bulama na Daily Trust ka ga yadda hula da tabarau da yanayin baki ke sa a gane mutum ba sai an bi kowane ƙurji ba. In akwai rubutun Hausa a ciki duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito, wasu nau'in haruffan ba su da su.

Bar rabin awa na ƙarshe don gyaran edita, kuma wayarka da kwamfuta su kasance da caji tun safe don ba ka san sanda za a ɗauke wuta ba. In za ka tura, tura ta imel ko a matsayin fayil a WhatsApp, in ka tura shi a hoto kawai zai matse shi ya fito dishi-dishi a takarda.