"Ai ba kome ciki": kurakuran masu riƙe da pistole

Shekaru da dama na yi ina koyar da harbi kafin in ajiye kaki, kuma yawancin haɗurran da na gani da idona, bindigar da aka ce ba kome cikinta ce ta jawo su.

Wata la'asar a wani ɗakin gadi nan Yamai, muna jiran shayi na biyu, wani yaro ya zauna goge pistolensa, wato ƙaramar bindigar hannu. Ya zare gidan harsashi, sarjar ɗin nan, ya ajiye kan tabarma, ya ja kunama don ya kwance ta. Sai tau! Harsashi ya huda butar alwala ya nutse cikin bango, taki ɗaya daga gwiwar mai dafa shayin. Ruwa na tsiyaya, kunnuwanmu na ƙugi, shi kuwa bakinsa na rawa: "Wallahi shef, na cire sarjar."

Ya cire kam. Abin da ya manta, irin wannan bindiga da kanta take ɗura kanta. Duk harbi ɗaya, kilas, wato ƙarfen saman nan mai zamewa, yana komawa baya ya tofar da kwanso, ya dawo ya tura sabon harsashi cikin bututu. Zare sarjar ba ya taɓa wannan guda ɗaya. Gyaran kuwa tsari ne da ba a juya shi: bakin bindiga ya kalli inda ba mutum, a fara cire sarjar, sannan a ja kilas baya a kulle shi, a leƙa da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya fara da jan kilas ya fidda ɗaya ne ya ɗura wani. Kuma ko ubanka ne ya miƙo maka ita ya ce ya duba, sake dubawa. Masu pistole ƙirar Glock su ƙara kula, don sai an ja kunama ake kwance ta.

Sai yatsa. Sabon shiga da ya ɗauki bindiga, yatsansa ya faɗa kan kunama kamar ƙuda kan mangwaro. Idan ka yi tuntuɓe ko aka razana ka, hannu yakan damƙe da kansa, bai shawarce ka ba. Wurin yatsa shi ne miƙe a jikin bindiga, sama da zoben kunama, har sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. Kada ka dogara da makullin da ke hana bindiga tashi. Ƙirar Beretta 92 da Makarov suna da shi a jikin kilas, amma Glock 17 mai cin harsashi 17 ba ta da wanda za ka murɗa, kuma ko inda yake akwai, ana mantawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a filin horo: bindiga ta cije, mutum ya juyo da ita gaba ɗaya yana cewa "shef, duba mini". Tsaya yadda kake, baki na kallon gaba, ɗaga ɗaya hannun, zan zo. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, jira daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Idan ƙarar ta fito a raunane, kada ka sake harbi, mai yiwuwa harsashi ya maƙale cikin bututu, na biyun kuma yana iya fasa bindigar a hannunka.

Wajen riƙo, kada babban yatsan hagu ya hau bayan kilas, zai yanke ka. Riƙe da hannu biyu, can saman mariƙin, wuyan hannu a ƙage, don sakin wuyan hannu kan sa ta cije. Mai harbi da hannun dama da harsashinsa ke faɗawa ƙasa ta hagu yakan rantse saitin ne ya karkace. Da wuya. Tsoron ƙara ne ke sa shi fizgar kunama da dunƙufar da baki. Maganinsa atisaye da bindigar da aka tabbatar ba harsashi, harsasan ma suna wani ɗaki: ɗora kwanso a kan kilas, ja kunama a hankali har ta sauka kwanson bai faɗi ba. Ido a kan saitin gaba yake. Toshe kunne kuma, ƙarar harsashin 9 mm ta wuce desibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, jin da ya tafi ba ya dawowa. Ni kaina sai a kunnen dama ake mini magana yanzu.

Da hunturu, rage man da kake shafa wa bindiga. Ƙura da mai in sun haɗu taɓo suke zama.

A gida, ƙarƙashin matashin kai ba ma'aji ba ne. Yara sun fi ka sanin ɗakinka. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, harsashi a wani wuri daban, takardar izini a kusa. Masu harbi sama a biki kuwa, harsashin 9 mm kan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Wanda aka harba a Bukoki yana iya sauka a wata unguwar, kuma kwanon rufi ba ya tare shi, balle lokacin zafi da kowa ke kwana a tsakar gida.