Idan bidiyonka ya yi tashe dare ɗaya, ga abin da zaka fara yi

Akwai wani yaro mai shayi a bakin layinmu, kullum bayan isha'i a bencinsa muke zama. In zai fifita shayi sai ya ɗaga kofi sama sosai ya ringa tsiyaya shi cikin ɗayan kofin ko ɗigo baya zuba ƙasa, bakinsa kuma baya shiru, yana yi yana wa mai shayin kirari. Wani baƙo ya ɗauke shi a waya ya ɗora a TikTok, shi bai ma sani ba. Washegari kafin azahar ƴar wayarsa har zafi take saboda kira, wanda ya sani da wanda bai sani ba, da daddare kuwa motoci ne a bakin teburin nan ana ta ɗaukar hoto da shi, yaron ya rikice har sukari yake mantawa. A gabana aka yi komai, shi yasa nake rubuta wannan, don abin zai iya faɗowa kan kowa, mai shayi ko mai adaidaita ko ke da kika yi rawa a bikin ƙawarki wata ta ɗauka.

Toh ranar farko dan Allah rage magana, fara da wayarka. Masu kutse su ne suke rigan kowa zuwa. Wani zai kira ka da murya mai daɗi yace daga wani kamfani yake, za'a baka kyauta ko za'a saka maka shuɗin maki a shafinka, an turo maka lambobi 6 a saƙo ka karanto masa. Waɗannan lambobin su ne mukullin WhatsApp ɗinka, kana karantowa ya tafi da shi, ya fara bin ƴan uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Kar ka bawa kowa, ko waye. Shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka saka lambar sirri taka, haka a Facebook da TikTok, in baka iya ba samu ƙaninka ko wani da ka yarda dashi ya yi maka a gabanka. Sannan in da hali sayi sabon layi ka ringa bawa baƙi, tsohon ka bar wa gida.

Daga nan sai gida. Wallahi wannan ya fi komai muhimmanci kuma shi mutane suka fi mantawa. Je ka samu Baba da Umma ka nuna musu bidiyon da hannunka kafin wata maƙwabciya ta kai musu da ƙarin gishiri. Yaron nan sai da na matsa masa ya kira mahaifinsa a ƙauye, ashe har labari ya kai can wai ya shiga fim ya bar sana'a. Ke kuma ƴar uwa abin ya fi nauyi a kanki, mun san yadda garinmu yake, bidiyo ɗaya na minti ɗaya zai iya shiga maganar aurenki ko zamanki da dangin miji, don haka ki riga kowa faɗa wa wanda ya kamata ya ji, kuma in an ɗauke ki ne ba da saninki ba kina da damar kai ƙorafi a manhajar kice a sauke, ki sa ƴan uwa su ma su kai. Kar a nuna ƙofar gida, kar a nuna fuskar yara ko rigar makarantarsu. Koma baya a shafinka ka goge duk wani tsohon rubutu da baka so a tono, domin za'a tono.

Cikin kwana biyu zaka ga shafuka da sunanka da hotonka waɗanda ba kai ka buɗe ba, wasu har da lambar asusun banki wai a taimaka maka. Maganin wannan ɗan gajeren bidiyo ne, fuskarka a fili, ka yi sallama ka yi godiya ka faɗi cewa wannan ne kaɗai shafina kuma bana roƙon kuɗi a wajen kowa. Shikenan, ba sai ka yi dogon jawabi ba.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Mutane zasu zo. Masu shafukan labarai da kyamara, wani yace shi manaja ne zai riƙe ka, yaran ƴan siyasa su ce oga yana son ganinka, wani daga Zoo Road, matattarar ƴan fim a Kano, yace akwai rol a fim. Ba duka ne mugaye ba, akwai masu niyyar alheri da gaske, amma a ranar baza ka iya bambancewa ba saboda kanka ya ɗau zafi. Kar ka sa hannu a kowace takarda a zaman farko. Karɓi takardar kace zaka nuna wa manya, ka kai wa lauya ko wani mai ilimi a danginku ya karanta maka da Hausa layi layi, shekara nawa ne, kaso nawa ne naka, asusun waye kuɗin zai shiga, kuma in kana son fita yaya zaka fita. Wanda yace dole sai yau ko damar ta wuce, bar ta ta wuce. Fasawod ɗin shafinka kuwa ko manaja kar ya riƙe shi kaɗai. Ka tuna matar nan mai tallan burodi a Legas, Olajumoke, da ta gifta ta wajen da TY Bello take ɗaukar wani mawaƙi ɗan Ingila hoto a 2016, hoton ya zagaya duniya har ta fito a bangon mujalla, kamfanoni suka yi ta rububinta. Bayan shekaru ita da bakinta ta fito ta bada labarin irin wuyar da ta sha da hayaniyar ta lafa. Abin ya tsaya min a rai sosai.

In wani babban jarumi ko mai kuɗi ya gayyace ka, je da babban yayanka ko kawunka, kar ka tafi kai kaɗai balle ke. Kuma tun a gida ka shirya amsar tambayar nan ta me kake so a yi maka, don kunya tana sa mutum yace babu komai ranka ya daɗe, ya dawo da hoto kawai. Faɗi abu ɗaya takamaimai, firji, keken ɗinki, kuɗin hayar shago na shekara, kuɗin makaranta.

Maganar kuɗi kuma, yawan kallo ba kuɗi bane, mutum miliyan zasu iya kallonka aljihunka babu ko sisi, musamman in a shafin wani bidiyon yake. YouTube ma kafin su fara raba maka kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Abin da ya fi saurin kawo kuɗi shi ne ƙananan talla na masu shadda da turare da takalma, shi ma a ga alat kafin a ɗora. Amma dan girman Allah kar ka tallata maganin da baka san abin da ke ciki ba, ko caca, ko harkar zuba dubu goma ka kwashi ashirin. Mun ga yadda irin wannan harkar mai suna MMM ta tsaya cak a Disambar 2016 da kuɗin jama'a, in irin wannan ta fashe kai da ka yi tallan za'a zo nema, don kai aka sani a unguwa.

Kula da bakinka. Jiya in ka yi ɓaranɓarama mutum biyar ne suka ji a majalisa, yau dubbai ne kuma ana adanawa. A Nuwambar 2022 kotun majistare a Kano ta sa an yi wa wasu samari biyu ƴan TikTok bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. Masu zagi a kwament kuwa kar ka tanka ko ɗaya, bulok kawai, in zuciyarka bata ɗauka bawa wani wayar ya ringa dubawa.

Kar ka bar sana'arka. Nasan za'a kawo maka misalin Khaby Lame, ɗan asalin Senegal da ya rasa aikin masana'anta a Italiya a 2020 ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok a 2022, gaskiya ne ya faru, amma mutum nawa ne irinsa? Mafi yawa sati biyu ko uku ne jama'a su koma kan wani. Don haka tun ana zuwa ka sa suna a teburinka ko shagonka, ka faɗi unguwar da kake sana'a a kowane bidiyo, abin da ya shigo ka zuba a kaya.

Yaron namu abin da muka yi kenan. Wani bawan Allah ya tambaye shi buƙatarsa yace tebur babba da fitilar sola, aka yi masa. Kuɗin talla biyu da ya samu ya sayi katan ɗin Indomie da kiret ɗin ƙwai da ƙarin benci, ya tura wa mahaifinsa na taki. Motocin sun daina zuwa tuntuni, amma cikin waɗanda suka zo kallo akwai kusan mutum goma da suka zama ƴan majalisar, jiya ma da na je sai da na jira aka tashi kafin na samu wajen zama.